Waiwaye: Ina iyakar hukuma wajen hukunta mai laifi a Najeriya?

A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum, Tsofo Gubba, hukuncin kisa bisa fikihun Malikiyya. Da maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai alƙalan Turawa suka rushe hukuncin, suka ce tunda tsokanarsa aka yi har ya fusata, kundin laifuffukan da Turawa suka kafa bai yarda a kashe shi ba. Sarakuna da alƙalan Arewa ba su ji daɗi ba, kuma ja-in-jar nan tana cikin abin da ya haifi Final Kod, kundin laifuffuka na Arewa, wanda aka tsara da samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960.

Tsarin mulkin 'yancin kai ya kafa wata katanga: ba a ɗaure mutum kan laifin da ba a rubuta shi cikin doka ba tare da hukuncinsa. A 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi, kotu ta soke hukuncin da aka yi wa wata mata kan zina a Yammacin ƙasar, saboda babu rubutacciyar dokar da ta mai da hakan laifi a can.

Sojoji ne suka nuna cewa katangar ba ta da tushe mai zurfi. Daga 1971 aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin duro ana harbewa a bainar jama'a a Bar Beach ta Legas. Gwamnatin Janar Buhari ta wuce nan. Doka ta 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba shari'a, Doka ta 20 kuwa ta tanadi kisa ga masu safarar hodar ibilis, aka kuma mayar da aikinta baya. Ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape, alhali a cikinsu akwai wanda ya aikata laifin lokacin da hukuncinsa bai kai kisa ba. A ganina wannan ya fi harbin Bar Beach muni, domin ko ɗan fashin nan ya san abin da ke jiransa tun kafin ya ɗauki bindiga.

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya sake gina katangar: sai an rubuta laifi, kuma ba a ɗora wa mutum hukuncin da ya fi wanda ake da shi ranar da ya yi laifin. Shi ya sa da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, dole majalisar jihar ta rubuta kundi, ba a bar alƙali da littattafan fikihu kaɗai ba.

Sha'awar tsaurara hukunci dai ba ta mutu ba. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da kisa ga masu safarar miyagun ƙwayoyi, amma da aka zauna daidaitawa da Majalisar Wakilai, sai aka tsaya a kan ɗaurin rai-da-rai.