Makarantun Kwana na 'Yan Mata a Kebbi da Zamfara

Makarantar kwana ta 'yan mata sakandare ce da ɗalibai ke zama a cikinta tsawon zangon karatu, ba sa komawa gida sai an ba da hutu. A jihohin Kebbi da Zamfara, waɗanda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991 da 1996, akasarinsu na gwamnatin jiha ne, sai kwalejojin 'yan mata na Gwamnatin Tarayya da ke Gwandu da Gusau. Karatun shekara 6 ne, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, a rufe da jarrabawar WAEC da NECO. Muhimmancinsu ya samo asali ne daga nisan da ke tsakanin ƙauyuka da makarantun jeka-ka-dawo, da kuma yadda hankalin iyaye da yawa ya fi kwanciya idan 'yarsu na karatu a inda babu cuɗanya da maza.

Tsarin yini

Ƙararrawa ce ke tafiyar da rayuwar makarantar. Ana kaɗa ta kafin asuba, a yi salla, kowace ɗaliba ta share wurin da aka yanka mata, sannan a bi layin ruwa da bokiti a bakin famfo ko rijiyar burtsatse. Da hunturu, wankan sanyin safiya yana cikin abin da sababbin ɗalibai suka fi kuka da shi. Bayan darasi da abincin rana akwai ɗan barci, sai karatun yamma da na dare da ake kira firef. Ranar Asabar ta wanki ce da kitso da duba tsaftar ɗakuna.

Abincin bai cika wuce koko, shinkafa da wake, da tuwo da miyar kuka ba, wanda ɗalibai suke yi wa laƙabi da gabza. Saboda haka kusan kowace yarinya takan zo da guzuri a akwatin ƙarfe mai kwaɗo: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji da soyayyen man shanu. Idan zango ya yi nisa, akwatuna suka yi sauƙi, sai a ga 'yan ɗaki biyar ko shida sun zagaye kwano ɗaya, wannan ta kawo gari, waccan ta daka ƙuli.

Uwar ɗaki da 'yar ɗaki

Ɗalibai suna rarrabe ne gida-gida, kuma a wasu makarantu ana raɗa wa gidajen sunayen mata irin su Nana Asma'u da Sarauniya Amina. Kowane gida yana da malamar da ke kula da shi da dattijuwar da ke kwana kusa da yara, amma a aikace shugabannin ɗalibai ne, ƙarƙashin hed gel, wato babbar shugabarsu, suke riƙe da dokar yau da kullum.

Al'adar da ta fi kowace tasiri ita ce ta uwar ɗaki, wadda babu ita a rubuce a dokar makaranta. Babbar ɗaliba takan ɗauki yarinya 'yar aji ɗaya, sau da yawa 'yar garinsu ko wadda iyaye suka damƙa mata amana a ranar da aka kawo ta, ta adana mata kuɗi da guzuri, ta koya mata gyaran gado, ta shiga tsakaninta da masu cin zali, ta raka ta ɗakin shan magani in zazzaɓi ya kama ta. Ita kuma yarinyar tana ɗebo mata ruwa, ta karɓo mata abinci, ba ta kuma kiran sunanta gatsal, sai ta ce Anti ko Yaya. Gaskiya ne akwai siniyoyin da ke mayar da abin bauta, kuma wannan aibi ne da ya kamata malamai su sa wa ido. Duk da haka, yarinya 'yar shekara 11 da ba ta taɓa kwana nesa da mahaifiyarta ba, da wuya ta jure zangon farko ba tare da irin wannan jigo ba. Zumuncin yakan ɗore har bayan an yi kandi, wato kammala makaranta, a riƙa halartar biki da suna na juna.

Addini da taruka

Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS ce ke shirya wa'azi da musabaƙar Alƙur'ani, kuma a makarantun da ke da ɗalibai Kirista, musamman a ƙasar Zuru, su ma suna da tasu ƙungiyar. Ranar ziyara kuwa iyaye kan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya da kulolin abinci, kuma al'ada ce a kira yarinyar da ba a zo mata ba ta zauna a ci da ita.

Matsalar tsaro

A daren 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris, kuma gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun kwana a lokacin. A watan Yunin shekarar aka kai hari kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, sannan a Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai 25 a makarantar 'yan mata ta Maga da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a Kebbi. 'Yan matan karkara ne rufe ɗakunan kwana ya fi shafa, domin yawancinsu ba su da wata sakandare da za su iya zuwa da ƙafa daga gida.