Kwalejin Zane-zane ta Savannah (SCAD)

Kwalejin Zane-zane ta Savannah, wadda aka fi sani da SCAD, jami'a ce mai zaman kanta a birnin Savannah na jihar Jojiya, a kudancin ƙasar Amurka. 'Yan gida ɗaya ne suka kafa ta a 1978: Paula Wallace, malamar firamare daga Atlanta, da mijinta na lokacin Richard Rowan, da iyayenta May da Paul Poetter. An fara karatu a 1979 da ɗalibai 71.

Makarantar ba ta da haraba guda da aka kewaye da katanga. Azuzuwanta a warwatse suke cikin gari. Gininta na farko tsohon ma'ajin makamai ne na dakarun sa-kai, mai jan bulo, da aka gina a 1892 a bakin dandalin Madison. Da aka gyara shi, daga baya aka sa masa suna Poetter Hall. Tun daga nan ta ɗauki al'adar sayen gine-ginen da aka yasar tana raya su. Tsohon gidan sinima ya zama Trustees Theater, wani babban kanti ya koma laburare, har tsohon kurkukun gundumar ya zama Habersham Hall.

Aikin da ya fi burgewa shi ne gidan adana kayan fasaharta, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2011 a kangon rumbun kayan jirgin ƙasa na 1853. Magina ba su rushe abin da ya rage ba. Sun bar tsofaffin bangwayen bulo a tsaye, suka ɗora ginin kankare da doguwar hasumiyar gilashi a jikinsu, ta yadda mai wucewa ke ganin inda tsohon aiki ya tsaya da inda sabo ya kama.

Ta buɗe reshe a ƙauyen Lacoste na Faransa a 2002, sai Atlanta a 2005. Na Hong Kong, da ya zauna a wata tsohuwar kotun majistare tun 2010, an rufe shi a 2020.

Wannan bunƙasa ba ta rasa masu suka ba, kuma maganarsu abin sauraro ce. Wasu mazauna Savannah na kokawa cewa kuɗin haya ya tashi a unguwannin da ɗalibai suka cika, talakawa na barin inda suka tashi, ga shi yawancin gine-ginen makarantar ba a biyan harajin kadara a kansu, tunda a doka ba cibiyar neman riba ba ce.