Waiwaye: Infoma ba baƙon Zazzau ba ne

Duk majalisar da ka zauna a Zariya yanzu, daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, da an taɓo zancen 'yan bindiga sai ka ji an ce, "Wallahi da ɗan gari ake ci." Ana faɗar haka kamar jiya abin ya soma. Ni kuwa na daɗe ina ganin tsohon ciwo ne.

Kowa ya san jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, an gwabza a Tafkin Kwatto, an ba malamai tuta, Malam Musa ya nufo Zazzau. Wannan ko yaran firamare sun haddace.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ranar da birnin ya faɗi, wajen 1808. Kamar yadda tarihin baka ya zo, Sarki Makau yana filin Idi ne, a bayan ganuwa, aka afka masa, bai samu komawa cikin gari ba. Ka duba lamarin da kyau. Ganuwa tana tsaye, ƙofofi suna nan da masu tsaronsu, amma duk ba su yi rana ba, domin maharan sun san ranar, sun san wurin, sun san jama'a za su fito da rigunan ado, hankali na kan salla. Kafin a ɗaura wa doki sirdi, labari ya riga ya gama rabin yaƙin. Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ake kira Suleja yau. Safiya guda ta sauya taswira.

A wancan zamanin labari da ƙafa yake tafiya. Fatake da jakunansu, almajiri mai yawon karatu, jakada, mai tallar goro, kowa ya ga inda rijiya take da inda ganuwa ta zube. Shi ya sa baƙo ba ya kwana haka kawai: fatomansa, wato mai masaukinsa, ya san shi, mai unguwa ya ji, magana ta kai fada.

Wannan igiyar ce ta yi sako-sako, kuma ita ta fi damuna. Manomin da ya ga baƙin babura a gefen gonarsa yau, yana da waya a aljihu, amma sai ya haɗiye maganar, don bai san kunnen da za ta faɗa ba.