Malaman Yara Ƙanana a Zariya da Takwarorinsu na Ƙetare: Tambayoyi da Amsoshi

Me zai sa malamar rabin aji a Tudun Wada ko Samaru ta nemi hulɗa da malaman wata ƙasa?

Dalilin shi ne matsalar da ke gabanta kullum wasu sun riga ta fuskantarta. Yaro ɗan shekara huɗu a Zariya yana tashi da Hausa a gida, yana karatun Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, sannan a kai shi boko a ce masa daga bakin ƙofa sai Turanci. A Sabon Gari kuwa aji guda kan haɗa masu jin Yarabanci da Ibo da Fulatanci. Malamar da ta ji yadda wata ta tafiyar da irin wannan aji ta rage wa kanta wahalar lalube.

Da wace ƙasa ya fi dacewa a fara?

A ganina, da Nijar. Mutane da yawa suna jin an ce ƙetare sai hankalinsu ya tafi Ingila ko Amurka, alhali tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara karantar da yara da Hausa kafin a shigo da Faransanci. Malamin can harshensa ɗaya da namu, cunkoson ajinsa da ƙarancin littattafansa ma irin namu ne, don haka shawararsa ta fi saurin shiga aji. Habasha ma abin dubawa ce, domin tsarin iliminta na 1994 ya ba harsunan al'ummomi damar zama harshen koyarwa a firamare.

Kanada tana da darasi, amma sai an yi hattara. A 1965 aka fara koyar da yara masu Turanci da Faransanci zalla a wani gari kusa da Montiriyal, kuma abin ya yi nasara. Sai dai malamansu sun ƙware a harsunan biyu, kuma harshen gidan yaran yana da ƙarfi a littattafai da ofisoshi. Kwaikwayon tsarin ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba cutar da yaro ne.

Koyarwa da Hausa ba za ta hana yaro iya Turanci ba?

Wannan ita ce fargabar iyaye, kuma ba a raina ta, tunda da Turanci ake rubuta jarrabawa. Amsar tana nan cikin Nijeriya. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara duk darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi fahimtar sauran darussa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji ba sai ya sake koyon karatu daga tushe ba idan ya zo Turanci.

Ta ina ake samun waɗannan malamai, kuma me za a tambaye su?

Akwai ƙungiyar duniya ta ilimin yara ƙanana mai suna OMEP, wadda aka kafa a 1948. Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Fabrairu, ita ma lokaci ne da ake yawan shirya taruka ta intanet. Malaman Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello na iya nuna hanya, daga nan WhatsApp ko Zoom ya wadatar.

Tambayar ta zama takamaimiya: a wane aji kuke shigo da harshe na biyu, minti nawa a rana, kuma yaya kuke shawo kan uban da ya ce Turanci kawai yake so? Mu ma muna da abin bayarwa, domin Zariya gari ne da ya daɗe yana buga littattafan Hausa tun kafuwar Kamfanin Gaskiya a 1945, ga kuma tatsuniyoyi da waƙoƙin gaɗa da malaman Nijar za su iya amfani da su kai tsaye. Sharaɗi guda shi ne kada a tura hoto ko muryar yaro ga kowa sai da iznin iyayensa.