Safar hannu mai hana yanka: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Masu aikin kwano da alminiyam, masu yankan gilashi, makanikai da mahauta a Sakkwato, tambayarsu kan safar hannu kusan iri ɗaya ce, kuma ba ta ƙarewa. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda zai sake tambaya, don Allah ya fara karanta wannan.

Da gaske wuƙa ba ta yanka ta?

Tana yankawa. Babu safar zare da ba ta yankuwa. Aikinta ta rage wa kaifi ƙarfi, raunin da zai kai ga jijiya ya tsaya a fata. Mai sayarwa da ya goga wuƙa a tafinsa talla yake yi, kada ka gwada a naka.

Ta fata fa? Ai muna da majema.

Fatar Sakkwato ta yi suna, ba a musu. Amma fata ta fi jure gogayya da tartsatsin wuta, ba kaifi ba. Bakin kwano sabon yanka yana tsaga ta. Mai walda ya riƙe ta fata, mai ɗaukar gilashi ya nemi wata.

Ogana ya sayo mana duka girma ɗaya. Da laifi?

Da laifi babba, kuma iyayen gidan shago su ji wannan da kyau. Safar da ta yi wa yaro yawa, kan yatsun yana lilo, ba zai iya kama noti ba, sai ya cire ta ya sa a aljihu, ya ɗauki kwanon da hannu tsirara. Wadda ta matse kuma tana gajiyar da hannu kafin azahar. Awon ba wuya: a sami tef ɗin tela, a kewaye tafin hannu a gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. Inci 8, wato kusan santimita 20, lamba 8 ke nan. Inci 9 lamba 9, inci 10 lamba 10. Bayan an sa, a ɗauki ƙaramar ƙusa daga kan tebur. In ta ƙi ɗaukuwa, girman bai yi ba.

Lambobin da ke bayan safar me suke nufi?

Nemi hoton garkuwa mai guduma a ciki da rubutun EN 388. Ƙa'idar Turai ce. A ƙasansa za ka ga abu kamar 4X43C. Lambar farko gogayya ce, daga 1 zuwa 4. Ta biyu tsohon gwajin yanka ne, daga 1 zuwa 5, in an sa X ba a yi shi ba. Ta uku yagewa, ta huɗu huda. Harafin ƙarshe, sabon gwajin yanka daga A zuwa F, shi ne abin dubawa. A 2016 aka ƙara shi, domin a tsohon gwajin zaren gilas ko na ƙarfe yakan dakushe rezar, lambar ta fito fiye da gaskiya. Da niyuton ake auna ƙarfin dannawar rezar: A tana jure niyuton 2, B 5, C 10, D 15, E 22, F 30.

Na Amurka daban ne, daga A1 zuwa A9, giram 200 zuwa giram 6,000. A4 ɗinsu ya yi kusa da D. Kada ka ga A ta Turai ka ɗauka ita ce gaba, ita ce mafi rauni. Safar da ba ta da wata alama ko kaɗan, ka ɗauke ta a matsayin ta auduga.

To in sayi F kawai in huta?

A'a. Karanta amsa ta gaba.

Ina aikin kwano da alminiyam, wani lokaci gilashi, ga zafin garin nan. Wacce zan saya wadda ba zan riƙa cirewa ba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ta da amsa ɗaya. Ya danganta da abin da ka fi taɓawa a yini.

Fara da harafin. Ga mai haɗa firam na alminiyam da ɗaura sukurori, C yawanci ta isa. Ga mai ɗaukar kwano sabon yanka ko falankin gilashi, D ta fi kwanciyar hankali. E da F na masu ƙarfe mai kauri ne da masu tsintar tsofaffin ƙarafa, inda ba ka san abin da hannunka zai tarar ba. Sai dai galibi, ba koyaushe ba, harafin yana hawa safar tana ƙara kauri da tauri. A watan Afrilu, ma'aunin zafi ya haura 40, safar F mai kauri da wuya ta daɗe a hannu. C da ke hannu ta fi F da ke aljihu.

Sai zaren. Akwai wanda ake rubuta wa HPPE, irin su Dyneema, yawanci fari ne ko ruwan toka. Yana da santsi da sanyi a fata, ba ya shan ruwa, shi ya fi dacewa da zafinmu. Illarsa wuta: wajen digiri 150 yake narkewa, tartsatsi yana huda shi. Akwai kuma Kevlar mai ruwan ɗorawa, ba ya narkewa, yana jure zafi fiye da digiri 400, amma ya fi ɗumi a hannu, kuma daɗewa a rana na rage masa ƙarfi. Wasu safunan masu araha da zaren gilas ake ɗaga harafinsu. Ba laifi ba ne, amma in zaren ya fara karyewa yana sa ƙaiƙayi tsakanin yatsu. Wani hannun bai damu ba, wani kuma ba ya iya jurewa.

Geji ma, wato lambar kaurin saƙa, ana dubawa. Lambar tana hawa saƙar tana sirancewa. Geji 7 ko 10 kauri gare shi, 13 tsaka-tsaki, 15 da 18 sirara ne, ana jin abin da aka kama.

Sannan shafin tafi, wato robar da ake shafa wa safar, irin su PU, naitiril da latas. Nemi wadda aka shafa wa tafi da yatsu kawai, bayan hannu a buɗe don iska ta shiga. Shafin PU siriri ne, ya dace da busasshen aiki, amma yana zamewa in akwai mai. In kwanon yana zuwa da maiƙo, ko kai makanike ne, naitiril mai kumfa ya fi kamawa. Latas yana kama gilashi da bulo sosai, sai dai mai yana lalata shi, kuma wasu yana fito musu da ƙuraje. Kada a manta wuyan hannu: kwano in ya zame can yake nufa, don haka mai dogon wuya ta fi.

In dole sai na faɗi ɗaya: C ko D, zaren HPPE, geji 13 ko 15, shafin PU a tafi. In akwai walda a shagon, ta fata tana gefe daban. Ko da haka, ɗinkin kamfani ya bambanta, hannuwa ma haka. Sayi ƙafa ɗaya ka yi mako da ita kafin ka sayi katan. In ta yi, ka ajiye biyu, ta safe tana bushewa kana aiki da ta yamma.

Zan iya sa ta a kan inji?

In injin yana juyawa, cire ta. Injin huda ƙarfe na tsaye, injin sassaƙa ƙarfe, dutsen wasa wuƙa na lantarki, bel ɗin injin niƙa, duka. Ƙarfin da ka saye ta dominsa shi ne haɗarin: ba za ta yage ba, sai ta ja hannun ciki. Sai dai injin yankan ƙarfe na hannu mai faifai, a nan ana sa wadda ta zauna daidai, hannu biyu a kan mariƙi. Amma ba ta tare faifan. Masu cire murfin faifai don su ɗaura babba, ku daina.

Lantarki fa?

A'a. Wasu ma da wayar ƙarfe a cikin saƙarsu.

Ni mahauci ne, wuƙata tsini gare ta.

Saƙar zare ba ta tare tsini, yana bi ta tsakanin zaruruwa. Taka ita ce ta zobban ƙarfe marar tsatsa, a hannun da ke riƙe nama, ba mai riƙe wuƙa ba. A wanke ta da ruwan zafi da buroshi kullum. Kada a kusanci injin yankan ƙashi da ita.

Siminti nake ɗauka, ko kwaɓawa.

Ɗaukar buhu ko bulo, mai shafin latas ta isa, ko a bakin kamfanin siminti na Kalambaina ko a wurin gini. Kwaɓaɓɓen siminti kuwa yana cin fata, kuma ta bayan saƙar yake shiga ya zauna. Wannan sai ta roba gaba ɗaya mai dogon wuya.

Na riga na yanke, me zan yi?

Kwantar da hankalinka. Danne da tsumma mai tsabta, ka ɗaga hannun sama. Ba a zuba ruwan birki, ba a shafa baƙin mai ko toka. In jinin ya ƙi tsayawa, ko yatsan ya ƙi lanƙwasawa, ko ya mutu ba ka ji, asibiti a ranar, domin jijiya ce kuma ɗinkinta ba ya son jinkiri. Ka tambayi allurar tetanus.

Ana wanke ta?

Ana yi, da sabulu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Bilic yana kashe Kevlar, ruwa mai tafasa da shanya kusa da wuta suna lalata HPPE. Bayan ta bushe, ka ɗaga ta wajen haske ka duba tsakanin babban yatsa da manuni, nan take fara mutuwa. In ka ga rami, ko zare ya fito, ko shafin ya ɓare, ta gama aiki. Ɗinkin tela ba ya mayar da harafin.