Tsoffin hanyoyin fatake da titunan yau: tambayoyi da amsoshi daga Abuja

Tambaya: Me ya haɗa hanyar jakai ta dā da arzikin gari a yau?

Amsa: Zango ne. Ayari yakan yi tafiyar yini ya sauka, kuma madugu ba ya sauke mutanensa sai inda akwai ruwa, da ciyawar dabbobi, da sarkin da zai ba da tsaro in an biya kuɗin hanya. Inda fatake suka saba kwana, masu tuwo da fura kan kafa rumfa, maƙera da dillalai su biyo, kasuwa ta kafu. Ranar da aka zo shimfiɗa kwalta, injiniya ya tarar da gari cike da jama'a, dole titi ya bi ta nan.

Tambaya: Akwai misali kusa da mu?

Amsa: Keffi. Tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta Zariya, ta wuce Nasarawa har Loko a bakin Binuwai. Ga kuma Suleja, Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828. Da gwamnatin tarayya ta dawo Abuja a 1991, ta waɗannan ɓangarori ma'aikata suka fi samun gidan haya.

Tambaya: To kowace tsohuwar hanya tana kawo ci gaba ke nan?

Amsa: A'a, sai in ba a daina bin ta ba. A dā, a kai ake ɗaukar kuzar Jos zuwa Loko. Da layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru kusa da Jos a 1914, kaya suka sauya hanya, Loko ta koma baya. Haka titunan Rumawa: a Ingila har yau motoci na bin sawun wasu, amma a Arewacin Afirka raƙumi ya maye gurbin amalanke, aka daina gyara su, yashi ya binne da yawa.

Tambaya: Wace matsala ake samu in titi ya gaji tsohuwar hanya?

Amsa: Yakan ratsa tsakiyar kasuwa, kamar yadda masu bin Nyanya da Mararaba ke sha kullum safiya. Kwanar da jaki ke sha ba wahala, tirela ba ta iya ta. Rumfuna kan hau kan magudanar ruwa, shara ta toshe kwalbati, ruwa ya kwanta ya ci gindin kwalta, ramuka su ɓullo. Abin da muke ganin ya dace shi ne titin kewaye don manyan motoci, da tashar lodi a gefen kasuwa, a kuma riƙa yashe kwalbati kafin damina.