Gas ba hayaƙi, amma akwai ƙura: jan hankali ga ma'aikatan masana'antu

'Yan'uwa masu aiki a masana'antun gas na Jubail da Yanbu a Saudiyya, ana ta zancen sabuwar hanyar samar da iskar haidirojin daga metan, wato babban sinadarin da ke cikin iskar gas, kuma gara a san haɗarinta tun kafin ta iso inda kuke aiki.

Tsohuwar hanya tururi ake haɗa wa metan, sai kowane kilo na haidirojin ya zo da kusan kilo 9 zuwa 10 na iskar da ke ɗumama duniya. Sabuwar kuwa filasma ake kunnawa, wuta irin ta walda mai zafin da ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Celsius, cikin tukunyar da babu oksijin. Metan ba ya ƙonewa, tsagewa yake yi: kilo 4 ya ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 3 na baƙin gari kamar kunkunniya, wanda ake zubawa a robar tayar mota. Kamfanin Monolith na yin haka a jihar Nebraska ta Amurka.

Baƙin garin nan shi ne abin kula. Yana manne wa bangon tukunya, ya toshe bututu, dole a tsaya a kankare, kuma a lokacin ne ma'aikaci ya fi shaƙarsa. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo daji. Takunkumin yadi ko naɗa ƙyalle a hanci ba ya tare shi. A nemi takunkumin tace ƙura na N95 ko wanda ya fi shi, ya zauna daram a fuska. Gemu mai kauri na hana shi kamawa, a gaya wa mai kula da lafiya ya ba da irin mai rufe kai duka. Kada a kaɗe ƙurar da iskar kwamfiresa, a zuƙe ta da inji. Tulin garin kan ci wuta a ɓoye cikin rumbu yana fitar da iska mai kisa, don haka ba a shiga sai an auna iskar da ke ciki.

Haidirojin kuma ba wari, ba launi, harshen wutarsa da kyar ake ganinsa da rana. Kashi 4 cikin 100 a iska ya isa ya kama da wuta. Sama yake tashi, shi ya sa ake kafa na'urar gano shi a rufi. Kafin a buɗe bututu, a kore abin da ke ciki da naitirojin, iskar da ba ta kama wuta, sannan a bar wurin ya sha iska, domin naitirojin ma kan shaƙe mutum.